Ka Gano wa Inna Gangaren Kanya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gidan da kake zaune a Dawanau. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah, sai kuma zafin bazara da ya koro kowa tsakar gida. Ummanka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah ya tsare mana kai, ya sa albarka a aikin da ka samu, ya kai ka Kudu lafiya in ranar tafiya ta zo.

Na san za ka yi dariya, takarda a zamanin waya. To ai ka san yadda wayarmu take ƙarewa: "Lafiya?" "Lafiya lau, Baba." "Madalla, ga Ummanka." Kai ɗan fari ne, ga kuma sunan mahaifina a kanka, bakina ba ya buɗewa a gabanka. Haka aka rene mu, ban kuma ce daidai ne ba. Biro dai ba shi da kunya, shi ya sa na aiko shi.

Ummanka ta gaya mini cewa kafin ka wuce Kudu, kai da abokanka biyu kun shirya ku tashi daga bakin dam, ku bi gaɓar tafkin da ƙafa wuni guda, har ku kai kufan Gangaren Kanya, garin da aka haife ni. Ta ce kun ji labarin bana ruwa ya ja baya fiye da yadda aka saba gani. Su abokan naka yawo za su yi, a sha iska, a ɗauki hoto. Kai kuwa, ko ka sani ko ba ka sani ba, aike ne a kanka, don maganar ta riga ta kai kunnen Inna. Shekaranjiya ina zaure na jiyo ta daga ɗakinta tana ce wa Ummanka, da ƙarfi yadda zan ji, "An ce Maigidana zai je garinmu. To, Allah ya sa ya fi wasu ƙafa."

Wasun nan ni ne.

Ka san idon kakarka ya tafi, ƙafarta ma iyakarta bakin ƙofa. Tun ranar da manyan motoci suka kwaso mu saboda za a tare kogi, aka ba mu fili nan ƙasar Tofa, ba ta sake taka garin ba, ba kuma wanda ya taɓa zuwa ya dawo mata da labarinsa. Yanzu shamuwa ta kusa isowa. Da an yi ruwa biyu masu ƙarfi tafkin zai sake rufe wurin, Allah kaɗai ya san shekarar da zai kuma buɗewa. Kai za ka yi nisa, ita kuma ta tsufa. Har yau ba a gaya mata za ka tafi Kudu ba, mun rasa mai ƙarfin halin. Saboda haka tafiyar nan sau ɗaya za a yi ta, dole ta yi kyau. Ni na taɓa gwadawa ban isa ba, bari in ba ka labarin inda na yi ta tuntuɓe, ko ka kauce.

Lokacin kana rarrafe ne, ina koyarwa a firamare. Wata bazara aka ce ruwa ya janye har kan bishiyoyin garinmu ya fito. Inna ba za ta aike ni baki da baki ba, ni ma ɗan farinta ne, ko sunana ba ta kamawa. Sai ta samu akuyarta tana ba ta dusa, ina kusa ina alwala, ta ce, "Ke dai kin ji daɗi, ba ki da garin da ruwa ya cinye. Da ina da mai ƙafa, da ya gano mini ko falalen dutsen nan yana nan." Ni kuwa na ji, akuya ma ta ji. Washegari na je na sami ƙaninta, Kawu Sale, Allah ya ji ƙansa, wanda ya yi samartakarsa a garin, na ce ya raka ni.

Falalen dutsen nan shi ne tsakiyar Gangaren Kanya. A kansa mata suke shanya tsaba da kuɓewa, a gefensa maza suka sassaƙa gurabun dara, mu yara kuma muna sulu a gangarensa har wandunanmu su huje. Gidanmu yana gabas da shi. Bayan gidan da ɗan tazara maƙabarta take, inda mahaifiyar Inna take kwance, da ƙanwata Ladi da ta rasu tana goye. Gini na ƙasa ya narke, itace ya ruɓe, amma dutse ba ya zuwa ko'ina. Shi za ka nema.

Tun daga ɗaki na fara ɓata tafiyar. A raina garinmu za ni, mutum kuwa ba ya shiga garinsu a wulaƙance. Sai na ciro farar babbar rigata ta Juma'a, na karya hula, na sa sabon takalmi sau-ciki da ban taɓa takawa ba. Ummanka ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, wa zai tarbe ka a can, kifi?" Na ce mata mata ba su san girman ziyara ba. Kafin rana ta yi tsaka takalmin nan ya sale mini dunduniya biyu, rigar kuwa duk ƙayar da ke gaɓar tafkin sai da ta gaisa da ita. Kai ka sa tsohon kambas ɗinka wanda ƙafarka ta saba da shi, da safa mai kauri, da riga mara nauyi mai dogon hannu. Malfata tana rataye a zaure, in ka biyo gida kafin ku tashi ka ɗauka. Na san abokanka za su ce ka zama manomi. Bar su, da azahar za su nemi aro.

Guzuri kuwa ko tunaninsa ban yi ba, kuma ba rowa ba ce. Ka duba ƙasarmu. Daga nan har Dawakin Tofa, ina za ka taka ba ka hango danga ko ka jiyo daka ba? Gona na jikin gona, gida na kallon gida. In ƙishi ya kama ka sai ka yi sallama a zaure, yaro ya fito da moɗa, wani lokacin har da fura. A wurinmu mutum ya rataya gorar ruwa zai shiga ƙauyen maƙwabta, kamar ya ce musu marowata ne. Da wannan hankalin na tafi. Na ma ce wa Kawu, "Wanda zai wuni a bakin tafki me zai yi da gora?" Shi ma goro kawai ya zuba a aljihu. Ashe bayan an wuce lambunan masu tumatir da albasa na kusa da dam, babu gida, babu zaure, babu mai ce maka sannu. Ruwan tafkin kuma a gefe ɗumi ne, kore-kore, shanu sun dama shi. Na sha don dole, na kuwa biya da kwana da kwanaki ina zarya bayan gida. Ba a fafe gora ranar tafiya, Abba. Kowannenku ya ɗauki ruwan da yake ganin ya yi masa yawa, sannan ya ƙara. Ummanka za ta dama muku fura ta ƙulla ƙuli-ƙuli da dabino, kada ka ce mata nauyi. Kuma komai zafi kada ku yi wanka inda ruwa yake kwance ba ya motsi, nan ake ɗaukar tsargiya.

Mota ta sauke mu a bakin dam da sauran sanyin safiya. Maimakon mu kama hanya, sai na hau kan ginin na yi tsaye ina hange. Can tsallaken ruwa ga wasu giginyu sun yi layi. Kawu ya nuna da sandarsa ya ce, "Ga garinmu can." Na auna da ido irin na ɗan ƙauyen gona, na ga bai fi daga gidanmu zuwa kasuwa ba. Na ce ai kafin hantsi ya dubi ludayi mun isa, bari mu sha shayi tukuna. Muka zauna wurin mai shayi, aka ɓarke da hirar taki da farashin gero, ni da babbar riga har ana ce mini ranka ya daɗe, ina jin daɗi. Ba mu tashi ba sai da rana ta fara cizo.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mu mun saba da hanya miƙaƙƙiya, ka bi burtali ko ka ratsa tsakanin kunya da kunya, abin da ka hango ka isa. Gaɓar tafki ba ta san wannan ba. Duk wani tsohon rafi da ke zuba a kogin, ruwa ya bi shi ya shige cikin ƙasa kamar yatsun hannu, kowane yatsa kuma sai ka zagaye shi. Za ka yi tafiya mai tsawo giginyun suna bayanka, ka dawo ka gan su inda ka bar su. Don haka ku kwana kusa da dam, ku yi sallar asuba da takalmanku a gefe, kuna sallamewa ku tashi. Taswirar cikin wayarka ba ta san inda ruwa ya tsaya bana ba. Ku tambayi masunta kafin su shiga ruwa, ku gaishe su gaisuwa cikakkiya, kada ku jefa musu tambaya daga tsaye. Matambayi ba ya ɓata.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa ganin wuri mai kyau kamar gaɓar nan ba. Bayan mun zagaye yatsa na farko sai muka faɗo wani fili na farin rairayi, shimfiɗe har inda ido ya gaji, ba sawun kowa sai na tsuntsaye. Ruwa yana zuwa a hankali ya taɓa ya koma. Ga balbelu fari fat, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi a gaya masa gobe, kirinjijiya kuwa in suka tashi sai ka ji kamar ana feɗuwa a sama. Na cire takalmin da ke cina, na taka rairayin nan mai sanyi daga ƙasa, sai na ji ni ɗan yaron nan ne da ake aika kogi wankin akushi. Ƙanshin ma iri ɗaya ne, na jiƙaƙƙen yashi da kifi. Har yau in an yi yayyafin farko shi nake ji a hancina.

A nan Kawu ya tsaya, ya dogara sandarsa, ya fara nuna tsakiyar ruwa. "Ka ga daidai inda kwalekwalen can yake? Nan kasuwa take ci ran Laraba. Can kuma mashaya ce, inda mahaifinka ya fara tare Yaya, Innarka, da zance, ta watsa masa ruwa." Yana dariya, idonsa yana kan ruwan, yana kiran sunayen gonaki da na masu su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ina gaba ina duban rana ina cewa, "Kawu, mu dai je, ka ba ni labarin a can." Ya ce to, ya ɗauki sandarsa. Ba mu je can ɗin ba, labarin kuma bai sake tashi ba har ya koma ga Allah. Ni na ɓata safiya a kan shayi, sannan na zo ina tsumulmular lokaci a kan abin da ba a sayarwa. Wannan yana damuna har yanzu. In kun fita da wuri, za ku sami sararin tsayawa inda ya kamata a tsaya. Kuma ka yi tafiya da ƙafar wanda ya fi ku rauni. Na ga abokin nan naka mai ƙiba ranar da kuka zo, ba na jin ya taɓa wuce masallacin unguwarsu a ƙasa. Kada ka bar shi a baya yana haki yana jin kunyar cewa a jira shi.

Daga rairayin sai gaɓa ta zama gangare mai duwatsu, ba wurin taka ƙafa, dole muka hau sama muka shiga daji. Farkonsa dashen gwamnati ne, darbejiya da itacen turare a jere, mai daɗin bi. Can ciki kuwa tsohon kurmi ne da ruwa bai kai gare shi ba, marke da kanya da tsamiya sun haɗe kai, sarƙaƙiya ta cike tsakani. Inuwa ta yi mana daɗi, amma ni tsoro ya kama ni, ba kuma na kura ko maciji ba. Shirun ne. Tunda aka haife ni ban taɓa zama inda ba a jin tabarya ko kukan jaki ko muryar wata tana kiran ɗanta ba. Don in kori shirun sai na yi ta surutu ina sauri, ban lura ba hanyar shanu ta rabu, ta sake rabuwa, har muka daina hango ƙyallin ruwa ta tsakanin itatuwa.

Da lokacin azahar ya yi muka tsaya, sai gardama ta tashi a kan alƙibla. Na ce nan ce, Kawu ya ce can ce. Na ce ni fa malamin makaranta ne. Ya ce, "To Malam, gabas dai tana inda na baro ta da safe, ba ta bi ka makaranta ba." Muka duba inuwa ta raba mu, ga rana a tsakar ka, inuwar kowa tana ƙarƙashin ƙafarsa. Haka muka zauna gindin tsamiya, kowa ya kumbura, muna tsotsar tsamiyar don yunwa, har inuwa ta karkata. Ta Kawu ce ta fito daidai, bai kuwa bar ni na manta ba har ƙarshen rayuwarsa. Abin da za ka riƙe shi ne, a tafiya ruwa yana hannun hagunka, kada ka yarda ya ɓace maka da daɗewa. In ya ɓace, ku tsaya, ku nemi hanyar shanun da ta gangara, don shanu ba sa manta mashaya. Wayarka tana nuna alƙibla, na sani, amma ka adana cajinta, kada hoton tsuntsaye ya cinye shi tun da hantsi.

Da muka fito daga kurmin rana ta riga ta juya. Sai ga giginyun nan kusa, har ina ganin ganyensu yana kaɗawa. Tsakaninmu da su yatsa ɗaya ya rage, shi ma ruwansa ya ƙafe, sai baƙar ƙasa da ta tsattsage kamar bayan tsohuwar tukunya. Zagayen yana da tsawo, ratsewa kuwa ɗan taƙi ne. Kawu ya ce mu zagaya. Na ce, "Haba Kawu, ƙasar da ta dare haka ai ko jaki da kaya ya bi." A gonakinmu haka ne, in ƙasa ta tsage to ta bushe har ciki. Ban san ta tafki ɓawo ne kawai a sama ba, ƙarƙashinsa taɓo ne mai zurfi.

Na tattare riga na shiga. Da farko ƙasar ta ɗauke ni, har na waiwayo ina yi wa Kawu murmushi. Sai na ji ta fashe. Kafin in ce innalillahi na nutse har cinya, ina yunƙurawa ina ƙara shiga, babbar riga ta baje kewaye da ni. Kawu ya tsaya a baki yana kallona, ya ce, "To Malam, barka da sauka. Ka ce garinku za ka, ga ka cikin ƙasarsa har ƙugu." Da ya ga abin ba na wasa ba ne sai ya lallaɓo, ya miƙo sandarsa, ya ce in kwanta da ciki in daina harbe-harbe. Ya ja, na ja, da ƙyar laka ta sake ni, ta riƙe takalmi ɗaya ladan aikinta. Amma a jan ƙarshe santsi ya kwashe Kawu, ƙafarsa ta gurɗe. Kafin mu koma kan tudu idon sawun ya kumbura.

Sauri ya haifi nawa. Duk inda ka ga ƙasa baƙa mai tsaga a bakin ruwa, kuma ba sawun saniya a kai, kada ka taka, ko da abin da kake nema yana miƙa hannu. Kowannenku ya riƙe sanda, ya caka kafin ya taka. In wani ya faɗa, kada sauran su ruga kansa, a miƙa masa sanda daga inda ƙasa take da ƙarfi.

Muna zaune a wurin har la'asar ta yi sanyi, sai Allah ya kawo wani masunci a kwalekwale yana komawa wajen dam. Muka yi ta ɗaga masa hula. Da ya matso ya ga farar riga ta koma baƙa, ga takalmi ɗaya a hannuna, sai ya ce, "Daga ɗaurin aure kuke, ko can za ku?" Na roƙe shi ya ƙarasa da mu wajen giginyun. Ya ce ta ruwa ba a kusantarsu, taɓo ne ya kewaye, sai dai in zagaya da ƙafa, shi kuma ba zai iya jira ba, kifinsa zai lalace. Na dubi giginyun, na dubi ƙafar Kawu. Kawu ya ce, "Je ka, ni zan zauna nan." Na san in na tafi duhu zai same shi shi kaɗai, ga ƙafa ba ta takuwa. Na kama shi muka shiga jirgin. Na zauna ina kallon baya har giginyun suka ƙanƙance.

Wannan juyowar ita kaɗai ce ban taɓa nadamarta ba a duk tafiyar. Kai ma tun kafin ku tashi ku yanke lokacin juyawa, ku kuma yi magana da mai jirgi ko masu babur inda za su tare ku da yamma. In lokacin ya yi ba ku isa ba, ko wani ya ji ciwo, ku juyo. Inna tana son labarin dutse, amma ta fi son Maigidanta da ƙafafunsa biyu. Ni ma haka, ko da ban taɓa faɗa ba.

Abin da ya fi ci mini rai a gida ya faru. Na shigo bayan magariba, ƙafa ɗaya ba takalmi, laka ta bushe a jikina. Inna tana bakin murhu, lokacin idonta garau. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta mai da kai kan tukunya, ta ce wa Ummanka, "A kai wa baƙo ruwan wanka." Shi ke nan. Ita kunya ta hana ta tambayi ɗan fari, ni kuma kunyar ban isa ba ta hana ni zama in ba ta labari. Washegari Kawu ya aiko mata cewa ba mu kai ba, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Alhali na ga rairayin mashayarsu, na ga inda kasuwa take ci, na ga giginyun garinta da idona suna nan a tsaye. Ko wannan na ba ta, da ta samu abin juyawa a ranta shekara da shekaru. Na yi ta cewa sai na koma na isa tukuna in kawo mata labari cikakke. Wata shekara ruwa bai janye ba, wata shekara aka yi mini canjin makaranta, daga baɗi sai baɗin baɗaɗa, har gwiwata ta ce ita ta gama. Yanzu in na fara ba ta labarin ma sai ta ce wa Ummanka a rufe mata ƙofa, iska tana shigowa.

Kai ba ka da wannan matsalar. Kai jika ne, mijinta na wasa, wanda take yi wa gorin bai kawo cefane ba. Abin da ba za ta iya tambayata ba, kai za ta titsiye ka a kansa har ka gaji. To ka je da shirin amsawa. Ka tuna hoto ba zai yi mata amfani ba, idonka ne nata. In Allah ya kai ka kan dutsen, kada ka tsaya ɗaga waya kawai. Ka zauna a kai. Ka shafa gurabun daran ka ji ko sun cike da laka. Ka duba gangaren da muke sulu ko yana da santsinsa. A gefen arewa akwai wani kwarmi da ruwan sama yake taruwa, inda take wanke Ladi, za ta tambaye ka shi. Ka duba giginyun, waɗanne ne a raye, waɗanne suka zama kututture. Ka lura ta ina iska take busowa da yamma. Sannan ka fuskanci gabas, ka wuce inda kake zaton gida ne, ka tsaya ka yi wa na kwance addu'a, ko da ba ka ga alamar komai ba. Ba sai abokanka sun san dalili ba, ka ce su ba ka ɗan lokaci.

In kuwa ka tarar ruwa bai saki dutsen ba, ko ka juyo daga hanya kamar ubanka, kada ka ƙara gishiri, kada kuma ka yi shiru. Abin da ka gani shi za ka kawo, komai ƙanƙantarsa. Tsohuwar nan ta fi ka sanin wurin, in ka ƙirƙira za ta kama ka tun a jimla ta biyu.

Game da Kudu ba ni da abin da zan gaya maka, ban taɓa wuce Zariya ba. Ka riƙe salla, ka riƙe mutuncinka, ka nemi mutanen kirki ka zauna kusa da su. Sauran Ummanka ta fi ni iya faɗa, na kuma san ta riga ta fara.

In kun dawo, kada ka tsaya wanka. Ka shiga ɗakinta da ƙurar tafiyar a jikinka, ta shafa ƙafar wandonka ta ji yashin. Ka faro mata tun daga bakin dam, kada ka tsallake komai. Bar ta ta katse ka, ta gyara maka sunan wuri, ta ce ƙarya kake yi ba haka mashaya take ba. Sai ta ƙoshi, ko da sai washegari ne, sannan ka gaya mata za ka yi nisa. In ka fara da sallama ba za ta ji sauran ba.

Ni ba zan shigo ba, ka sani. Za ka gan ni a bakin ƙofar ina tufka igiya, ko wani aikin da ba wurinsa ba ne nan. Kada ka kula ni. Amma ka ɗaga murya, Abba. Ni ma garinmu ne, kuma ban ƙarasa ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Ya tsare ku daga sharrin ruwa da na daji, da zafin rana, da abin da ke rarrafe a ƙasa. Ya sa ƙafarka ta taka inda tawa ta kasa. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama da mu lafiya. Amin.

Wassalam,
Mahaifinka.